Zaren da ke ce wa masaƙi ya dakata: tambayoyi da amsoshi kan ƙera furotin a cikin tantanin halitta

Ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa. Duk shekara idan muka iso babin ƙera furotin da 'yan ajin Tarminal D, abu ɗaya suke haddacewa: daga ADN zuwa ARN, daga ARN zuwa furotin. Suna faɗinsa kamar mota ce ta tashi daga Garwa ba ta tsaya ba sai Ngaundere. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan kuwa ya san akwai shingaye, akwai hawan dutse, akwai inda direba ke rage wuta ko yana so ko ba ya so. Haka abin yake a cikin tantani, wato ƙaramar ƙwayar da ake gina jikin kowane mai rai da ita. Tambayoyin da ke ƙasa na tattaro su ne daga ɗalibai, da tsofaffin ɗalibai da suka wuce jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, da wasu ma'aikatan asibiti da muke shan shayi tare. Na bar sunayen ADN da ARN yadda muke kiransu a aji da Faransanci.

Malam, a fara daga tushe. Mene ne furotin?

Ka ɗauki carbi. Furotin sarƙa ce da aka jera da duwatsu iri 20, waɗanda ake kira amino asid. Yadda aka jera su shi ke sa sarƙar ta naɗe ta ɗauki wata siffa, siffar kuma ita ke ba ta aiki. Himoglobin da ke ɗaukar iska a jini furotin ne mai sarƙa huɗu, biyu masu duwatsu 141, biyu masu 146. Insulin furotin ne, haka anzim ɗin da ke narkar da tuwon da ka ci da rana. Idan sarƙar gajeriya ce, ko ba a gama jera ta ba, ana ce mata peptid.

To ARN ɗan aike fa, ina ya shigo?

Kundin malam ba ya fita daga zaure. Almajiri yakan kwafi abin da zai karanta a allo, in ya gama ya wanke. ADN shi ne kundin, yana zaune a cibiyar tantani. ARN ɗan aike shi ne allon: kwafin wani ɗan yanki ne da ake fitarwa zuwa inda ake aiki, kuma ba a yi shi don ya daɗe ba. A bakteriya irin E. coli mintoci kaɗan yake yi a farfasa shi. A jikin mutum yakan kai sa'o'i.

A shekarar 1961 aka tabbatar da samuwarsa. François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur ta Paris suka yi hasashensa, Jacob ya haɗu da Sydney Brenner da Matthew Meselson suka nuna shi a gwaji. Jacob da Monod da André Lwoff sun karɓi kyautar Nobel a 1965. Nakan tuna wa yara cewa sunan Pasteur ɗin nan shi ne dai suke gani a allon cibiyar gwaje-gwaje ta nan Garwa.

Wa ke karanta allon?

Ribozom, wato injin da ke jera sarƙar furotin a cikin tantani. George Palade ya fara bayyana shi a 1955, a matsayin 'yan ɗige-ɗige da ya hango da madubin lantarki. Yana da ɓangare biyu, ƙarami da babba. Ƙaramin yana riƙe ARN yana karanta haruffansa, waɗanda iri huɗu ne, A da U da G da C, uku-uku, kowane uku ana ce musu kodon. Babban shi ke ɗaura sabon dutse a sarƙa. Kodon 64 ne: 61 suna kiran amino asid, uku kuma, wato UAA da UAG da UGA, suna nufin a tsaya. AUG ne mafari. Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka karanta kalmar farko a 1961, suka gano UUU na nufin amino asid mai suna fenilalanin.

Saurinsa a bakteriya yakan kai dutse 15 zuwa 20 a daƙiƙa. A tantaninmu bai wuce biyar ko shida ba. Wannan lissafin matsakaici ne, kuma a nan littafin aji ke yaudarar yara, don ribozom ba ya tafiya da taki ɗaya. Wani wuri ya zura da gudu, wani wuri ya ja ƙafa, wani wuri ya tsaya cik.

Me ake nufi da peptid mai tasowa, kuma ta yaya abin da ba a gama ƙerawa ba zai yi iko da mai ƙera shi?

Wannan tambayar ita ce ta sa na rubuta shafin nan. Sarƙar da ake jerawa ba ta faɗowa waje nan take. Tana bi ta wani kororo da ya ratsa babban ɓangaren ribozom, tsawonsa kusan nanomita 10, yana ɗaukar duwatsu 30 zuwa 40 kafin kan sarƙar ya leƙo. Shekaru da dama an ɗauka kororon nan bututu ne kawai mai santsi. Da aka fitar da cikakken fasalin ribozom a shekarar 2000, aikin da ya ba Venkatraman Ramakrishnan da Thomas Steitz da Ada Yonath Nobel a 2009, sai aka ga bangonsa yawanci ARN ne, na ginin ribozom ba ɗan aike ba, kuma yana da wani maƙogwaro inda furotin biyu, uL4 da uL22, suka matse hanya.

Wasu jerin duwatsu idan suka iso wurin nan sukan manne da bango. Mannewar tana ɗan karkatar da wurin da ake ɗaura sabon dutse, sai ɗaurin ya gagara. Ka tuna masaƙin gargajiya da ƙyallensa siriri: a ce ƙyallen da yake saƙawa ne da kansa zai riƙe masa ƙafa, ba zai sake shi ba sai wani abu ya faru a waje. Tantani ya mai da wannan tsaikon hanyar jin labarin halin da yake ciki.

A ba mu misali da za mu iya riƙewa.

SecM na E. coli, wanda Hitoshi Nakatogawa da Koreaki Ito na Kyoto a Japan suka warware sirrinsa a 2001 da 2002. Bakteriya tana da wani injin mai suna SecA da ke tura furotin waje ta bangon tantani. Tana buƙatar sanin ko injinan sun ishe ta. A kan ARN guda, saƙon SecM ne a gaba, na SecA yana bin bayansa. Amma ƙofar saƙon SecA a rufe take, don ARN ɗin ya naɗe a wurin ya yi ƙulli.

SecM yana da duwatsu 170, kuma kusa da ƙarshensa akwai jerin 17 da ke maƙalewa a kororo. Ribozom yana isa wurin sai ya tsaya. Tsayuwarsa a daidai nan tana warware ƙullin, ƙofar SecA ta buɗe, wasu ribozom su shiga su yi ta ƙera SecA. A can waje kuma kan sarƙar SecM ya riga ya leƙo, injin turawa ya kama shi. Idan injinan suna da yawa kuma suna da ƙarfi, sai su fizge sarƙar, maƙalewar ta sake, ribozom ya wuce, ƙulli ya koma, ƙera SecA ta ragu. Idan sun yi rauni babu mai fizga, ribozom ya daɗe a tsaye, SecA ya ƙaru.

Abin da ke burge ni shi ne babu wani mai lissafi a tsakani. Ƙarfin ja kawai, irin na mai jan guga a rijiya, shi ne ma'aunin.

Akwai wanda abinci ke kunnawa?

Akwai TnaC, mai duwatsu 24, wanda ɗakin binciken Charles Yanofsky a Stanford ya yi aiki a kansa. Idan amino asid mai suna tiriptofan ya yi yawa, ƙwayarsa guda takan shiga kororo ta zauna kusa da sarƙar, ribozom ya kasa sakin ta. Tsayuwar tana tare hanyar wani furotin mai suna Rho da ke katse kwafin ARN, sai a ci gaba da kwafin har a ƙera anzim mai cinye tiriptofan ɗin. A fungus akwai irinsa mai jin yawan arjinin, a tsiro ma an samu mai jin wani dangin metiyonin.

Malam, ni nas ce. Ina ruwan aikinmu da wannan?

Ƙanwata, ruwanku ya fi na kowa. Rabin kabad ɗinku na antibiyotik ribozom yake hari. Tetrasiklin da doksisiklin da jentamisin da isteraptomisin suna kama ƙaramin ɓangare. Kuloramfenikol, wanda aka daɗe ana yin allurarsa mai mai a lokutan annobar sanƙarau a yankinmu, yana zama a wurin ɗaura dutse. Eritromisin da azitromisin, wannan da ake rabawa gari-gari a Arewa Mai Nisa da Cadi don ciwon ido na tirakoma, cikin kororon nan suke shiga su zauna.

Ga inda labarin ya yi ɗaci. Wasu bakteriya masu suna Staphylococcus suna ɗauke da ƙwayar gado mai suna ermC. Anzim ɗin da take ƙerawa yana liƙa wata 'yar alama a kan harafi ɗaya na ARN ɗin ribozom, A2058, daidai inda eritromisin ke zama, sai maganin ya rasa wurin kamawa. Bakteriyar ba ta ƙera wannan garkuwa kullum, don tana da tsada a gare ta. Ƙofar saƙon a ƙulle take. A gabanta akwai ɗan gajeren saƙo na peptid mai duwatsu 19. Idan eritromisin kaɗan ya shigo ya zauna a kororo, peptid ɗin yana kai dutse na tara sai ya cije tare da maganin, ribozom ya tsaya, ƙulli ya warware, garkuwa ta fara fitowa. Wato maganin ne da kansa ke buga wa bakteriya ƙararrawa. An bayyana wannan tun 1980, a ɗakunan binciken Bernard Weisblum da David Dubnau a Amurka.

Shi ya sa a laburatuwa ake ajiye faifan eritromisin kusa da na wani antibiyotik, kilindamisin, a kan farantin da aka shuka bakteriya. Idan da'irar da bakteriya ta kasa tsirowa a kewayen kilindamisin ta daɓe ta gefe ɗaya ta yi siffar harafin D, an san ƙwayar tana da garkuwar da ke jiran a tashe ta. Kuma shi ya sa nake ɓata rai idan na ga ana sayar da kafso biyu-uku a tire a kasuwa. Maganin da bai kai ya kashe ba ya kai ya farkar.

In antibiyotik na kama ribozom, me ya hana ya kama namu?

Namu ya fi girma kuma fasalinsa ya bambanta. A gurbin A2058 ma wani harafi ne daban a wurinmu. Sai dai mitokondiriya, injin wutar tantani, tana da nata ribozom mai kama da na bakteriya, tana ƙera furotin 13 da shi. Daga nan wasu illolin magungunan ke fitowa, kamar taɓa ɓargo da kuloramfenikol ke yi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma tana da wani ɗan sashe mai irin wannan ribozom, shi ya sa doksisiklin ke yi mata illa, amma a hankali.

A jikin mutum, peptid mai tasowa yana da ta cewa?

Sosai. Insulin ba a fara ƙera shi da duwatsu 51 da muka sani ba. Ana fara shi da 110, kuma 24 na farko adireshi ne, kamar rubutun da ake yi a jikin buhu kafin a ɗora shi a motar Kusiri. Adireshin yana leƙowa daga kororo sai wani ɗan rakiya mai suna SRP ya kama shi, ya sa ribozom ya sassauta, ya ja shi har bakin ma'ajiyar da ake shirya furotin masu fita waje. A can aiki zai ci gaba, sarƙar tana zurarewa ciki kai tsaye, a yanke adireshin a yar. Günter Blobel ya samu Nobel a 1999 saboda wannan, shi da Peter Walter suka gano SRP a 1980. Da ba a sassauta ba, da sarƙar ta gama fitowa ta naɗe a inda ba nata ba.

Shi ARN ɗin fa? Ba saƙo ne kawai ba?

Allon yana da gefe-gefe da ba a karantawa a matsayin furotin, gaba da baya, kuma a nan yawancin umarnin yake. Misalin da na fi so shi ne na ƙarfen jini, don ƙarancin jini ba baƙo ba ne a gidajenmu, musamman ga masu juna biyu da yara.

Feritin rumbu ne, guda ɗaya yana iya adana ƙwayar ƙarfe har kusan 4500. A goshin ARN ɗinsa akwai ɗan ƙulli. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, wani furotin mai suna IRP yakan zauna a kan ƙullin ya tare wa ribozom hanya. Ba a gina rumbu a shekarar fari. Wannan IRP ɗin kuma yana kama wutsiyar wani ARN, na ƙofar da ke shigo da ƙarfe cikin tantani, amma a can kare shi yake yi daga farfashewa, sai ƙofofi su ƙaru. Ma'aikaci ɗaya, aiki biyu masu kishiyantar juna, bambancin kawai inda ya zauna. Ƙarfe yana wadata sai ya saki duka biyun.

Jajayen ƙwayoyin jini kuma suna da nasu. Kafin su gama nuna sukan yar da cibiyarsu, ba sauran ADN, sai ARN da ribozom. Saboda haka babu inda za a sarrafa aiki sai a wurin karatu. Idan hem, wato mazaunin ƙarfe a himoglobin, ya yi kaɗan, anzim mai suna HRI yana taka wa fara karatu birki, don kada sarƙoƙin globin, wato sarƙoƙin furotin na himoglobin, su taru babu abokin zama su lalata ƙwayar. Yana cikin dalilan da suka sa mai ƙarancin ƙarfe ake ganin ƙwayoyin jininsa ƙanana kuma koɗaɗɗu a madubi.

Sauran dabarun ARN fa?

Suna da yawa, zan ratsa su da sauri. Ƙarfin ƙofar shiga ya bambanta: a bakteriya jerin da John Shine da Lynn Dalgarno suka gano a Ostireliya a 1974, a wurinmu haruffan da ke kewaye da AUG, waɗanda Marilyn Kozak ta tantance. Kusan rabin ARN ɗinmu suna da 'yan gajerun saƙonni kafin babban saƙo, suna ɗauke hankalin ribozom. Bakteriyar Listeria tana da ƙullin da ke narkewa a zafin digiri 37, da haka take gane ta shiga jikin mutum ta fara fitar da makamanta. A 2002 aka gano ARN da ke kama bitamin da kansa ya sauya siffa ya rufe ƙofarsa. Sai ƙananan ARN masu haruffa kusan 22 da ke manne wa ɗan aike su rufe masa baki, waɗanda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano a wata 'yar tsutsa a 1993, suka karɓi Nobel a 2024.

Malam, mu makiyaya ne a Adamawa. An ce ciwon baki da kofato na shanu ma yana da irin wannan wayo.

An faɗa maka daidai, ɗana. Bairus ɗin saƙo ɗaya dogo gare shi, amma yana buƙatar furotin da yawa. Yawanci almakashinsa ke yanka su. A wuri ɗaya kuwa ba ya buƙatar almakashi. Akwai ɗan peptid mai suna 2A, wanda idan ya cika kororon ribozom ɗin saniya, yakan hana a ɗaura dutsen furolin a kan gilisin da ke gabansa. Sarƙar farko ta faɗi, ribozom bai sauka ba, ya ci gaba da sabuwar sarƙa daga furolin ɗin. Yau masu bincike a ko'ina suna aron 2A idan suna son furotin biyu daga saƙo guda.

Bairus ɗin sida, wato ƙanjamau, kuma santsi yake sa wa ribozom. A wani wuri akwai jerin U da ƙulli a gabansa, sai kusan ɗaya cikin ashirin na ribozom su zame baya da harafi ɗaya, karatun uku-uku ya sauya gaba ɗaya, a samu anzim ɗinsa. Bairus ɗin korona ma haka yake yi.

Sikila matsalar wannan tsarin ce?

A'a. A sikila ribozom yana karanta abin da aka ba shi daidai. Kuskuren yana cikin kundi: a kodon na shida na sarƙar beta ta himoglobin, GAG ya koma GTG (T a ADN shi ne U a ARN), sai balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wadda ta fi kusa da zancenmu ita ce wata talasemiya, wato ciwon ƙarancin jini na gado, da ta yawaita a tsibirin Sardiniya, inda alamar tsayawa ta faɗo a kodon na 39. Tantani yana gane cewa an tsaya da wuri, sai ya farfasa ARN ɗin.

Idan ribozom ya maƙale ba da niyya ba fa?

ARN guda yakan ɗauki ribozom da yawa a jere. Na gaba yana tsayawa na baya zai zo ya buge shi, kamar manyan motoci a gadar Ngeli, ta kan iyakar Kamaru da Cadi, ranar cunkoso. A tantaninmu karon ne alamar: akwai furotin da ke gane ribozom biyu da suka haɗe, a raba su, a niƙe guntun sarƙar. Bakteriya kuma tana da wani ARN mai suna tmRNA da ke shiga ya ba ribozom sabon ɗan saƙo ya ƙarasa, ya bar wa sarƙar tambarin a lalata ta.

Baba ya ƙi rigakafin korona wai ARN zai sauya masa halitta. Me zan ce masa?

Ka gaishe shi, ka yi masa zancen allo da kundi. ARN ɗin rigakafin ba ya shiga cibiyar tantani inda ADN yake. Ribozom ya karanta shi, a ƙera furotin ɗin ƙayar bairus don jiki ya san fuskar maƙiyi, cikin kwanaki a wanke allon. Wahalar masu binciken ma ita ce sa shi ya daɗe ya isa a karanta. Katalin Karikó da Drew Weissman sun nuna a 2005 cewa sauya fasalin harafin U yana hana jiki yi masa kallon baƙo tun daga ƙofa, suka samu Nobel a 2023. Kuma ba duk rigakafin korona ne na ARN ba: na Pfizer da Moderna ne, na Johnson & Johnson da Sinopharm wata hanya suka bi.

Zai fito a Bak, jarrabawar kammala lise?

Kodon da ribozom da matakan karatu za su iya fitowa. SecM da ermC sai a jami'a.

Gaskiya ne 'ya'yan zurma suna kisa ta wannan hanyar?

Gaskiya ne. Suna ɗauke da risin, furotin mai sarƙa biyu. Ɗaya tana buɗe masa hanya cikin tantani, ɗayar tana zuwa babban ɓangaren ribozom ta cire harafin A guda ɗaya tak daga cikin dubban haruffan ARN ɗinsa, a wurin da masu tura ribozom gaba suke kamawa. Tana gamawa da wannan ta wuce na gaba. Man zurma da aka tace ba ya ɗauke da risin, don dafin ba ya narkewa a mai, a tunkuza yake saura. Kada a ba dabbobi tunkuzar, kuma idan yaro ya tauna 'ya'yan a kai shi asibiti nan take, ko da bai fara amai ba, don alamun sukan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana.